Tantin Mutum Ɗaya

Zunnuraini ya durƙusa a inuwar wata babbar mota yana naɗe tantin a kan cinyarsa, Shafi'u direba na tsaye a kansa da kofin shayi a hannu.

"Hidda iskar tukuna," in ji Shafi'u. "Danne shi kamar kana naɗe tabarma. Awo, haka nan. Yanzu cusa shi cikin 'yar jikkar."

Da ya gama, abin duka bai fi ƙullin burodi girma ba. Ya ɗora shi a tafin hannu ya jinjina. Har yau mamakin bai sake shi ba: ɗaki guda, da rufinsa da ƙofarsa da tagarsa ta raga, amma zabuwa ta fi shi nauyi.

A cikin dilar jakunkuna ya tsince shi. Zunnuraini ɗan gwanjo ne a bakin iyakar Jibiya, rumfarsa na kallon shingen da motocin Maraɗi ke tsayawa. In aka yanke igiyar dila, ba wanda ya san abin da zai faɗo. Ran nan ya zazzage wata jakar goyo, sai ga wannan ƙullin koren yadi mai santsi, da wata siririyar sanda mai gaɓoɓi, da 'yan turaku kamar tsinken tsire. 'Yan kasuwa suka taru a kansa. Wani ya ce rigar babur ce, wani ya ce ai irin buhun da Turawa ke sa gawa ne. Shafi'u ne ya raba gardamar. Shi ɗan Maraɗi ne, motarsa na jiran takardun duwan, wato kwastan, kuma ya taɓa ganin irinsa a Agadas wurin masu hawan duwatsu da ƙafa.

"Na mutum guda ne," ya ce musu. "Ka goya abinka ka yi ta tahiya. Inda rana ta hwaɗi maka, nan ne gidanka."

Maganar nan ta zauna wa Zunnuraini a rai. Tun da mutanen daji suka tashi ƙauyensu, Gidan Ɗorawa, can bayan Riko, shi da matarsa Na'ima da yaransu suke cunkushe a ɗaki ɗaya na haya. Ya manta rabon da ya kwanta ya miƙe ƙafa bai taɓa jikin wani ba. Sai ya ƙi sa tantin a cikin kayan sayarwa.

Amma ba don shaƙatawa yake haɗa kaya yau ba. Bana da aka ɗan samu lafawa, ya yi ƙarfin hali ya shuka gero a gonarsu ta gado. Noman rana yake mata: ya fita bayan gari ya waye, ya yi abin da ya samu, ya juyo kafin la'asar, don ba mai yarda duhu ya riske shi a wannan hanya. Geron ya yi, ya fid da kai, ya cika ido. Sai ga jan-baki. Tsuntsayen nan ba sa jiran hantsi, da sassafe suke sauka, kafin mai gona ya iso daga Jibiya sun ƙoshi sun tashi. Ga geron da sauran 'yan kwanaki kafin ya isa yanka. Kwana a kangon ƙauye kuwa ganganci ne, nan mutanen daji ke fara leƙawa. Amma abu ɗan mitsitsi, kore, wanda tsayinsa bai wuce gwiwa ba, a tsakiyar geron da ya fi mutum tsawo, wa zai gan shi?

Yana cikin ɗaure jakar sai ga Na'ima. Ita ma a nan bakin shingen take suyar awara. Ta bar kaskon a hannun maƙwabciyarta, ta zo da ƙullin garin rogo da ƙuli-ƙuli da gorar ruwa.

"Baban Sumayya, har yanzu kana kan bakanka?"

"Kwana guda ne, Na'ima. In na ga ya yiwu, sai in ƙara."

"Ni ban son ganinka cikin abin nan. Ranar da ka gwada shi tsakar gida, da na leƙo na gan ka miƙe sambal, sai da gabana ya hwaɗi."

Ya yi dariya. "Miƙe ƙahwa kika gani, don kin daɗe ba ki ga na yi ba."

Ita ba ta yi dariyar ba. Ta tura masa ƙullin cikin jakar da kanta, ta ja zif ɗin. "Kada ka hura wuta. Kada ka kunna hitila. Wayar nan ka kashe mata ƙara. In ka ji babur, ka yi lamo kamar ba ka da rai."

"Na ji."

"Allah shi tsare."

Ɗan acaɓa ya kai shi iyakar inda masu babur ke yarda su kai, ya sauke shi a gindin wata kuka, ya juya ko waiwaye bai yi ba. Daga nan sai ƙafa.

Zunnuraini a ka ya saba ɗaukar kaya tun yana yaro. Wannan karon da ya zura hannuwa cikin maɗaukan jakar, ya ɗaure ɗamarar a ƙugu yadda Shafi'u ya nuna masa, sai ya ji kamar ba komai a jikinsa. Hannayensa biyu na lilo, wuyansa na juyawa duk inda ya so. Ya daɗe yana bin hanyar nan cikin sauri, ido a ƙasa, zuciya na lissafin komawa. Yau da babu komawa, sai ya ga ashe hanyar ta sake kama. Inda a da amalanke biyu ke giftawa, yanzu tafasa da rai-ɗore sun haɗe baki, sai ɗan siririn layi a tsakiya. Gonakin da aka bari sun zama dokar ciyawa, iska na bi ta kansu tana kwantar da su tana tayarwa kamar ruwan tafki. Malam-buɗe-littafi farare sun yi cincirindo a kan wata laka, yana matsowa suka tashi suka kewaye kansa, suka raka shi 'yan taku.

A rafi ya naɗe wando ya tsallaka, ruwan iya ƙwauri, da ɗumi. Ya tsaya a tsakiya ba dalili, yana jin yashi na zamewa a ƙarƙashin tafin ƙafarsa. Ya tuna cewa wani mutum a wata ƙasa ya taɓa goya wannan jakar, ba don tsuntsu ko yunwa ba, kawai don yana son ya yi tafiya. Ya yi ƙoƙarin ganin fuskar mutumin a ransa, ya kasa.

Gidan Ɗorawa daga nesa ya hange shi. Rufin masallacin ya rufta. Kabewa ta haye katangar gidansu ta yi 'ya'ya manya-manya, ba mai tsinka. Bai shiga ba. Ya kewaya ta bayan gari ya faɗa cikin geronsa, ganyayyakin suka rufe bayansa.

A tsakiyar gonar akwai wani tsohon suri da ƙasar gindinsa ta ɗan yi tudu. Nan ya zaɓa, don ko an yi ruwa ba zai kwanta ba. Ya share ƙarangiya da gefen takalmi, ya shimfiɗa koren yadin tsakanin kunya biyu. Sandar da ya warware ta, gaɓoɓinta suka shiga juna da kansu, ƙas, ƙas, ƙas. Ya lanƙwasa ta ta yi baka a wajen kai, ya danna turakun da diddige, ya ja igiyar ƙafa. Shi ke nan, ɗaki ya tashi. Ya ja da baya kaɗan ya duba. Ko shi da ya kafa, sai da ya ƙura ido sannan ya rarrabe shi da inuwar gero.

Ya yi sallar la'asar a gefe, ya jiƙa gari ya ci. Rana da sauranta, ba abin yi sai jira. Ya ce bari ya ɗan gwada kwanciyar. Ya zura ƙafafu tukuna, sannan jiki, ya yi matashi da jakar, ya ja zif ɗin raga.

Duniya ta koma koriya. Hasken da ke ratso yadin ya rina hannuwansa da rigarsa, kamar mutum na kwance a ƙasan kududdufi yana kallon sama. Rufin na dab da ƙirjinsa, ɗan sarari ne kawai a saman fuskarsa. Ya zaci zai ji ƙunci, sai ya ji akasin haka. Ya miƙe ƙafafunsa har ƙarshe, ba su taɓa kowa ba. Ta cikin ragar yana ganin karan gero sun miƙe kamar ginshiƙai, zangarnu na sunkuyo da kai, can sama kuma wani ɗan gajimare na tafiya a hankali. Yadin na da wani ƙanshi na hayaƙin icen da bai sani ba. A cikin wani ɗan aljihu kusa da kunnensa ya lalubo busasshen ganye siriri kamar allura. Ya shinshina, ya mayar inda ya same shi.

Bai san lokacin da barci ya fara jansa ba. Ya ga mahaifiyarsa Fatimatu, wadda ta rasu tun kafin tashin ƙauyen, tana sheƙe gero a bakin gonar nan, ƙaiƙayi na tashi yana walƙiya a rana. Ya ji shanu na wucewa ta burtali, ƙahoninsu na gogar juna, wani na musu waƙa ƙasa-ƙasa. Mai waƙar ya tsaya ya yi tari. Ya sake yin tari.

Zunnuraini ya buɗe ido. Tarin bai tafi tare da mafarkin ba.

Ya yi lamo yadda Na'ima ta ce. Zuciyarsa na dukan ƙasa. Karan gero na motsi, wani na tahowa a hankali, taku ɗaya mai nauyi, ɗaya ana jan sa. Sai ga ƙafafu a gaban ragar: ɗaya cikin takalmin roba, ɗaya naɗe da tsumma, da gindin sanda a tsakaninsu.

"A'uzu billahi," in ji wata tsohuwar murya. "Mi ne ne wanga kuma? Mutum ko aljan?"

Muryar ce ta sa ya ja zif ɗin. Ya fito da kai, ya ɗaga ido.

"Baffa Yahya?"

Tsohon ya ja da baya har ya kusa faɗuwa. Ya daɗe yana kallonsa. "Ɗan Fatimatu? Kai ne ka shiga cikin kwasfa kamar wake?"

Baffa Yahya makiyayi ne, rugarsu na maƙwabtaka da gonar nan tun zamanin kakanni. Kowace kaka shanunsa ke kwana a nan su bar taki, matarsa kuma ita ke kawo wa Fatimatu nono ta karɓi gero. Zunnuraini ya san shi dogo, miƙaƙƙe, mai faɗin kafaɗa. Wanda ke gabansa yanzu ya ranƙwafe, riga na lilo a jikinsa, ya rataya wani gwangwani mai tsakuwa a wuya.

Suka zauna a gindin surin. Zunnuraini ya jiƙa masa gari, ya farfasa ƙuli-ƙuli a kai. Tsohon ya ci a hankali, yana ba da labari kamar na wani. Shanun an kore su tun tuni. Matarsa ta rasu bara. 'Yarsa Bilki na aure a Ɗan Isa, ƙetaren iyaka. Ɗansa kuwa ya bi mutanen daji.

"Ka ji labari, na sani."

"Na ji, Baffa."

"To ka gani. Cikin gari in aka gan ni, da sunan ɗana za a kira ni. Cikin daji kuma ba ni da abin da za a amsa, shi ya sa aka ƙyale ni. Rana in laɓe cikin kango, marece in zo nan gindin suri in kwanta." Ya taɓa gwangwanin. "Ina cin geronka, ɗan Fatimatu. In murje in tauna. Da sahe in kaɗa maka wanga gwargwadon iko. Sai dai ƙahwar ta hana ni zagaye gonar, nan tsakiya kaɗai nake iya tsarewa."

Zunnuraini ya dubi zangarnun da ke kewaye da su. Cike suke, ba inda baki ya taɓa. Ya juyo ga tsohon. Ya ce, "Mu ga ƙahwar."

Kututture ne ya soke shi, in ji shi, an kwana biyu. Da aka warware tsumman, Zunnuraini ya kau da kai kafin ya iya sake dubawa. Ƙafar ta kumbura har ƙwauri, fatar na sheƙi, bakin ciwon ya yi duhu. Ya taɓa goshin tsohon, zafi kamar murfin tukunya. Ya wanke ciwon da sauran ruwan gorar, ya yage hannun rigarsa ya ɗaure.

Yana ɗaurewa yana tunani. Daren da aka tashi Gidan Ɗorawa, akwai waɗanda suka rantse sun ji muryar ɗan wannan tsohon. A Jibiya kuwa ya ga abin da ke samun mutumin da aka ce yana kai wa daji rahoto, kuma ba a buƙatar hujja mai yawa. A gan shi tare da wannan tsohon ma ya isa.

Iska ta canja. Gabas ta yi baƙi ƙirin, gero ya fara kwanciya yana tashi, ƙanshin ruwa ya cika wurin. Suka yi magariba a gaggauce, tsohon a zaune. Kafin su shafa addu'a, manyan ɗigo sun fara sauka.

"Baffa, shiga."

"Ina? Cikin kwasfar? A'a. Ni na saba da ruwa tun ba a haihe ka ba."

"Da zazzaɓin ga ba ka kai sahe in ya jiƙa ka. Shiga."

"To mu shiga tare."

"Na mutum guda ne."

Sai da ya tallafe shi ya zura masa ƙafar mai ciwo da hannunsa. Tsohon ya kwanta a sandare, ido waje, kamar wanda aka sa a jirgi. Zunnuraini ya ja ragar, ya saukar da murfin ya bar 'yar kafa don iska, ya zauna a wajen kai ya jingina da surin. Wani tsohon buhun taki da ya tsinta a kunya ya kifa a ka, ya rungume jakar a ƙirji.

Ruwa ya tsuge. Nan da nan ya jiƙe har ƙashi. Ruwan na gangarowa ta bakin buhun, ta gwiwoyinsa, yana bin kwarin kunya yana wucewa. A kan tantin kuwa wani sauti yake yi daban, kamar ana watsa gero a faifai. Can sai ya ji dariya daga ciki, 'yar ƙarama, irin ta yaro.

"Ɗan Fatimatu!"

"Na'am, Baffa."

"Ruwa shina bugu nan dab da hancina, amma bai taɓa ni ba. Ko ɗigo! Wa ya ɗinka abin ga?"

"Wasu mutane ne can nesa."

"Allah shi yi musu albarka. Su ma makiyaya ne?"

Zunnuraini ya yi tunani. "Kusan haka. Sai dai ba su da shanu. Tahiyar kawai suke yi."

"To ai ni ke nan," in ji tsohon.

Daga nan muryarsa ta yi ƙasa. Ya shiga kiran shanunsa ɗaya bayan ɗaya, Wule, Saye, da sauransu, yana yi wa wata faɗa don ta cika ratse, yana lallashin wata. Zunnuraini ya rufe ido yana saurare, haƙoransa na kaɗawa. A cikin ƙarar ruwan sai ya riƙa jin kamar da gaske garken na nan kewaye da su a cikin geron, suna tsaye shiru, tururi na tashi daga bayansu. Haka ya kwana a zaune, tsakanin barci da farke, har ruwan ya ɗauke, har gabas ta fara fari.

Ya yi sallah, ya buɗe murfin. Cikin tantin a bushe yake, sai ɗan gumin numfashi a jikin rufin. Amma tsohon bai gane shi ba da farko. Idanunsa sun yi ja, leɓɓansa sun bushe, ya kira shi Bilki, ya tambaye ta ko ta ɗaure maruƙa. Kumburin ya haura gwiwa.

Zunnuraini ya miƙe tsaye ya dubi hanya. Ƙasa ta sha ruwa ta yi laka. Baburan mutanen daji ba sa iya ratsa irin wannan lakar, sai rana ta busar da ita. In za a fita da mutumin da ba ya iya taka ƙafa, yanzu ne, ba anjima ba. Kuma ya san in ya kai shi, ba ajiye shi zai yi a bakin titi ya juyo ba.

A lokacin ne ya ji su. Da farko kamar iska a cikin ganye, sannan kamar ruwa na sake tahowa. Ya ɗaga kai. Daga wajen rafi wani abu ya taso kamar hayaƙi, ya miƙe ya yi tsawo, ya lanƙwashe, ya baje, ya sake haɗewa. Rana na fitowa ta bayansu, duk sanda suka juya sai su yi ja gaba ɗaya, su sake yin baƙi. Bai taɓa ganin jan-baki a wannan sa'ar ba, ɓarnarsu kawai yake tararwa. Ya tsaya baki buɗe har suka zubo a kan gefen gonar, zangarnu suka sunkuya da nauyinsu.

Ya ɗauki gwangwanin ya kaɗa da duk ƙarfinsa, ya yi ihu. Suka tashi, suka yi kewaye ɗaya a sama, suka sauka can ɗaya gefen. Ya sake ɗaga hannu, sai ya ji tsohon na nishi a bayansa. Ya tsaya da gwangwanin a sama. Sannan ya rataye shi a jikin wani kara.

Ya fito da Baffa Yahya ya jingina shi da suri. Ya zare turakun, ya karya sandar gaɓa-gaɓa, ya naɗe yadin da danshinsa ya cusa a jaka. Jakar ya rataya ta gaba, a ƙirji. Ya durƙusa ya juya wa tsohon baya.

"Baffa, kama wuyana."

Bai yi nauyin da ya zata ba. Suka fita ta cikin geron, raɓa na zubo musu, tsuntsaye na tashi a gabansu suna sauka a bayansu. Rafin ya kawo har cinya, ya tsallaka a hankali yana laluben ƙasa da yatsu. In ya gaji ya sauke shi a gindin itace su huta, ya sake ɗauka. A hanya hankalin tsohon ya riƙa dawowa yana tafiya. Sau ɗaya ya ce, "Sauke ni nan, kada a gan ka da ni." Zunnuraini ya yi kamar bai ji ba.

Hantsi ya ɗaga sosai kafin su kai gindin kukar. Wani mai amalanken jaki ya rage musu hanya zuwa titi, daga nan suka samu babur.

Bakin iyaka na cike kamar kullum. Motoci sun yi layi, masu canjin kuɗi na kiran ciniki, hayaƙin suya na tashi. Da aka sauke su, Zunnuraini ya ji yadda surutun rumfunan kusa ya ragu. Ɗanladi, maƙwabcin rumfarsa wanda shi ma daga yankin Riko ya taso, ya matso ya kama hannun rigarsa da ya rage.

"Zunnuraini, ka san ko wa ka ɗauko?"

"Na sani."

"Mutane na kallo."

"Su kalla. Kira mini ɗan kabu-kabun Ɗan Isa."

Ɗanladi bai motsa ba. Shafi'u ne ya sauko daga motarsa ya yi fito, wani mai babur ya zo. Na'ima ta taho da gudu, mayafi na zamewa, ta tsaya turus da ta ga mijinta jiƙe da laka har ƙugu, da wanda ke jingine a jikinsa. Ta dubi tsohon, ta dubi mutanen da ke kallo. Sai ta durƙusa har ƙasa.

"Baffa, ina kwana. Sannu, Baffa."

Ta koma ta ɗebo koko a kofi ta riƙe masa ya kurɓa. Suka ɗora shi a bayan mai babur, Zunnuraini ya mayar da jakar baya, ya hau ya tallafe shi ta yadda ba zai zame ba.

A shingen, jami'in da ke riƙe da igiya ya san shi, ya sha sayen takalmi a rumfarsa. Ya leƙa fuskar tsohon, ya dubi ƙafar.

"Mai gwanjo, ina zuwa haka? Wane ne wannan?"

Zunnuraini ya san ana jin sa daga rumfuna. Bai rage murya ba.

"Baffana ne. Wurin ɗiyarsa zan kai shi, a kai shi asibiti."

Jami'in ya saki igiyar ta kwanta a ƙasa. Na'ima ta biyo su 'yan taku, ta riƙe ƙarfen bayan babur ɗin.

"Baban Sumayya, geron hwa?"

"Ya yi kyau, Na'ima. Ban taɓa ganin ya yi kyau irin na bana ba."

Ta dube shi, ta gane ya bar wa tsuntsaye. Ta saki ƙarfen.

Babur ɗin ya taka igiyar ya wuce. Titin Maraɗi ya miƙe a gabansu, ruwan jiya na ƙyalli a ramukansa, gonakin ƙetare kore shar har iyakar gani. Kan tsohon ya kwanto a kafaɗar Zunnuraini, da zafinsa. Ya zaci barci yake, sai ya ji yana motsa baki. Ya kai kunne.

"Ɗan Fatimatu."

"Na'am, Baffa."

"Ɗan ɗakin nan. Ka baro shi can?"

"Shina bayana."

"To," in ji tsohon, ya lumshe ido. "In an yi ruwa yau, kai za ka shiga."